Tsakanin Ƙwarya da Jarka: Wane Mazubi Ya Dace da Abincin da Ake Tsimawa?

Gabatarwa

A garin Kurugu na Ƙaramar Hukumar Karaye, da sauran garuruwa da ƙauyuka na ƙasar Karaye da Rogo a yammacin Jihar Kano, da wuya a sami gidan da rana za ta fito ta faɗi ba a ci ko an sha wani abin da aka tsima ba. Da safe ana shan koko ko a ci waina, da rana a dama fura da nono, da dare kuma a ci tuwo da miyar kuka wadda daddawa ce ke ba ta armashi. Bahaushe bai tara waɗannan abubuwa ƙarƙashin suna guda ba. Yakan ce gasara ta yi tsami, ƙullu ya tashi, nono ya yi barci, kalwa ta ruɓa, rogo ya jiƙu. Amma a wurin masana kimiyya duk aiki ɗaya ne, wato canjin da wasu ƙananan halittu kan jawo wa abinci idan aka ajiye shi cikin laima da ɗumi. Wannan aiki shi za a riƙa kira tsimuwa a cikin wannan maƙala.

Aikin tsimuwa yakan ɓaci. Mai sayar da nono takan wayi gari ta tarar madararta ta tsinke, mai koko ta ga gasararta ta yi wari, mai daddawa ta buɗe kwando ta iske kalwa da tauri kamar ba a dafa ba. Ga macen da jarinta bai wuce na kwano biyu ko uku na gero ba, wannan asara ce babba. Idan haka ta faru akan ɗora laifin a kan baki, ko ido, ko a ce hannun wance ba shi da kyau. Ba kasafai ake duban mazubin da aka yi aikin a cikinsa ba, alhali kuwa shi ne abin da ya fi canjawa a gidaje cikin 'yan shekarun nan. Ƙwarya da tukunyar ƙasa sun ja baya, roba da bokitin fenti da jarka sun maye gurbinsu.

Ra'ayin wannan maƙala shi ne, mazubi yana cikin haɗin abinci kamar yadda gero da ruwa suke ciki. Mazubi mai kyau yana taimakon tsimuwa, marar kyau yana ɓata ta, akwai kuma wanda ke mayar da abinci guba ba tare da ɗanɗanonsa ya canja ba. Don haka ya wajaba ɗalibai da malaman kimiyya su ɗauki wannan batu da muhimmanci.

Ma'aikatan da Ido Ba Ya Gani

A shekarar 1680 wani mutumin ƙasar Holan mai suna Antonie van Leeuwenhoek ya ga ƙwayoyin yis da madubin ƙara girman abu wanda ya haɗa da hannunsa, amma bai san aikinsu ba. Sai a shekarar 1857 Louis Pasteur, masanin ƙasar Faransa, ya nuna cewa tsamin da madara ke yi aikin wasu halittu ne masu rai. Ma'aikatan da ke tsima abincin Hausawa sun kasu gida uku.

Na farko su ne bakteriya masu sa tsami, irin dangin Lactobacillus. Suna cin sukarin da ke cikin madara ko hatsi su fitar da asid mai suna laktik. Masana suna auna tsami da ma'aunin pH, wanda lamba 7 ce tsakiyarsa. Abin da ya yi ƙasa da 7 mai tsami ne, abin da ya haura kuma ya karkata wajen kanwa. Sabuwar madara tana wajen 6.6. Idan asid ya saukar da ita zuwa 4.6 sai furotin ɗin cikinta ya dunƙule, shi ne ake cewa nono ya yi barci. Wannan tsami yana hana yawancin ƙwayoyin cuta yaɗuwa, shi ya sa nono ya fi madara jure ajiya. Waɗannan bakteriya ba su bukatar iska.

Na biyu shi ne yis. Shi ma sukari yake ci, amma abin da yake fitarwa iskar kabon-dayoksaid ce da barasa. Iskar ce ke sa ƙullun waina da na fanke su tashi.

Na uku ita ce bakteriyar daddawa, Bacillus subtilis, wadda binciken S. A. Odunfa na Jami'ar Ibadan a shekarar 1981 ya nuna cewa danginta ne ke kan gaba wajen tsima kalwa. Ita furotin take farfasawa, ta fitar da iskar amoniya mai hawa hanci, har ma'aunin pH ya kai 8 ko ya wuce. Saɓanin masu sa tsami, ita ba ta aiki sosai sai da iska.

Abin lura shi ne, a cikin kowane mazubi tsere ake yi tsakanin waɗannan ma'aikata da wasu ƙwayoyi masu ɓata abinci. Idan ƙwaya ɗaya tana rabuwa biyu kowane minti 30, cikin awa 10 za ta haura miliyan ɗaya. Wanda ya fara yawa shi ke cinye fili. Saboda haka duk gwanintar mai tsimi ta tattaru ne a kan abu huɗu: irin da ta zuba, zafin wurin, yawan iska, da kuma mazubi.

Idan Aiki Ya Ɓaci

Kindirmo. Idan madara ta kwana ba ta yi barci ba, abu na farko da za a tuhuma shi ne sanyi. A watannin Disamba da Janairu, lokacin hunturu, daren ƙasar Kano yakan yi sanyin da ke rage wa bakteriya kuzari. Maganin wannan shi ne a naɗe mazubin da zane mai kauri a ajiye a ɗaki mai ɗumi. Abu na biyu shi ne zuba iri, wato ragowar kindirmon jiya, alhali madarar da aka dafa ba ta huce ba. Zafin sai ya kashe irin. Ya kamata a jira ta sauko zuwa digiri 40 ko 45 a ma'aunin Salshiyas, wato ɗumin da tsabtataccen yatsa zai jure ba tare da ƙuna ba. Abu na uku, wanda ba a cika sani ba, shi ne madarar saniyar da aka yi wa allurar kashe ƙwayoyin cuta. Ragowar maganin yana fita ta cikin madara ya kashe iri, kuma irin wannan madara ba ta dace da sha ba sai kwanakin da aka rubuta a jikin kwalbar maganin sun cika. Idan kuwa nono ya yi tsami ainun ya tsinke, to ya daɗe ne cikin zafi, kamar yadda yakan faru a watan Afrilu. Wanda ya yi ramuka-ramuka da kumfa da wari, ko ya yi ɗaci, ƙazanta ce ta shige shi daga hannu ko ruwa ko mazubi, kuma zubar da shi ya fi. Har ila yau, tsami kaɗai bai isa a dogara da shi wajen kashe ƙwayar tarin fuka ta shanu da ta cutar burusela mai sa shanu ɓari ba. Dafa madara kafin a tsima ta shi ne kariya.

Gasara. Muddin ruwa ya rufe ta, masu sa tsami ne ke mulki. Da zarar samanta ya fito fili iska ta taɓa shi, sai fumfuna ta samu wurin zama. Don haka a riƙa tsiyaye ruwan sama ana zuba sabo kullum, a kuma rufe da murfin da zai hana ƙuda da ƙura. Sai dai babu tsimuwar da za ta gyara hatsin da ya riga ya yi fumfuna tun a rumbu. Irin wannan masara ko gyaɗa tana iya ɗaukar gubar afalatoksin mai lalata hanta, wadda jiƙo da dahuwa ba su kawar da ita. A ƙasar Kenya mutum 125 ne suka rasu a shekarar 2004 saboda cin irin wannan masara.

Daddawa. A nan ƙa'idar ta juya. Kalwa tana bukatar ɗumi da iska tare, shi ya sa ake baza ta a kwando ko faffaɗar ƙwarya, a lulluɓe da ganye da buhu har kwana biyu zuwa uku. Wadda ta zuba dafaffiyar kalwa cikin bokitin roba mai zurfi ta danne da murfi ta toshe wa ma'aikatanta numfashi. Gumi zai taru a ƙasa, ta sama ta yi, ta ƙasa ta lalace. Idan kuma lulluɓin ya yi kaɗan, ɗumin da bakteriya ke haifarwa zai tsere, kalwa ta tsaya da taurinta.

Kunun zaƙi, kunun aya da zoɓo. Waɗannan ana ɗura su cikin gorunan roba a ɗaure baki, kuma kowa ya san yadda gora kan kumbura ta yi tauri idan ta wuni a rana. Lissafin mai sauƙi ne. Idan yis ya cinye giram 180 na sukarin gulukos yakan fitar da giram 88 na iskar kabon-dayoksaid. Wato giram 10 kacal, kimanin cokali guda, zai ba da iskar da ta haura lita biyu da rabi, a cikin gorar da ba ta wuce rabin lita ba. Kumburin gora shaida ce cewa yis ya kama aiki, kuma duk inda ya fitar da iska yana fitar da barasa tare da ita. Wannan ya shafi lafiya, ya kuma shafi addini. Ya zo a cikin Sahihul Bukhari da Sahihu Muslim cewa Manzon Allah (SAW) ya hana tawagar Abdul Ƙais jiƙa dabino a cikin wasu mazubai huɗu, ciki har da na duma da na kututturen dabino da aka fafe. Malamai sun bayyana cewa jiƙo yana saurin zama abin maye a cikinsu. Daga baya an yi sassauci a kan mazuban, haramcin abin maye kuwa yana nan. A yau kimiyya ta san cewa mazubi mai ƙananan ƙofofi a jikinsa yana riƙe yis daga wannan jiƙo zuwa wancan.

Rogo. Rogo mai ɗaci yana ɗauke da sinadarin linamarin, wanda ke sakin gubar sayanayid. Feraye shi, da jiƙa shi cikin ruwan da ya rufe shi har kwana uku zuwa biyar, da zubar da ruwan, da shanya shi sosai, su ne ke fitar da gubar, domin tana zama iska tun daga zafin digiri 26. Ƙa'idar da hukumomin abinci da lafiya na Majalisar Ɗinkin Duniya suka amince da ita ita ce kada gubar ta wuce miligiram 10 a cikin kilo ɗaya na garin rogo. Wanda ya rage kwanakin jiƙo don ya riski kasuwa ya sayar wa mai ɗanwake abin da bai gama tsarkaka ba. A shekarar 1981, lokacin fari, mutane fiye da 1,000 a lardin Nampula na ƙasar Mozambik sun kamu da shanyewar ƙafafu da ake kira konzo saboda cin rogon da ba a sarrafa shi yadda ya kamata ba.

Darasi Daga Ƙasar Ingila

Duk matsalolin da aka ambata a sama hanci ko harshe ko ido yana iya gano yawancinsu. Akwai wata wadda ba ta da wari ko ɗanɗano, kuma tarihin Turai ya ba da misalinta. A yankin Devon na ƙasar Ingila manoma sun daɗe suna matse 'ya'yan tuffa su tsima ruwan ya zama wani abin sha mai barasa da suke kira sida. Shekara da shekaru mutanen yankin suna fama da matsanancin ciwon ciki wanda wani lokaci kan kai ga shanyewar hannu ko mutuwa. Likitoci suka ɗora laifin a kan tsamin tuffa. A shekarar 1767 wani likita mai suna George Baker ya nuna cewa dalmar da ake liƙe mamatsa da mazubai da ita ce ke narkewa cikin ruwan mai tsami. Masu sana'ar sun yi masa ca, amma da aka daina amfani da dalma sai ciwon ya yi ta raguwa har ya ɓace.

Darasin shi ne, abu mai tsami yana cin ƙarfe, abin da ya ci kuma yana shiga cikin mai sha. Mutanen Arewa ba baƙi ba ne ga illar dalma. A shekarar 2010 yara fiye da 400 sun rasu a Jihar Zamfara saboda gubar dalma daga duwatsun zinariya da ake niƙawa a cikin gidaje. Dalma ko kaɗan ce tana dakushe ƙwaƙwalwar yaro, kuma illar ba ta cika gyaruwa ba.

Mazubai Ɗaya Bayan Ɗaya

Ƙwarya. Asid ba ya narkar da wani abu mai cutarwa daga jikinta, tana riƙe ɗumi, kuma cikinta yana da ƙananan ƙofofi inda bakteriyar nonon jiya ke maƙalewa su zama irin na yau. Wannan ne dalilin da ya sa tsohuwar ƙwaryar nono ta fi sabuwa saurin aiki. Amma ƙofar da ta ɓoye na kirki ita ce za ta ɓoye mugu. Ƙwaryar da aiki ya ɓaci a cikinta sau ɗaya tana iya ci gaba da ɓata na gaba. Hikimar mata masu sana'ar nono, da ba su yarda a zuba miya ko mai a ƙwaryar nono, da kuma kife ta a rana bayan wanki, kimiyya ta gaskata ta. Abin da za a ƙara shi ne ɗauraye ta da tafasasshen ruwa, da kuma sallamar wadda ta tsage. Ɗinkin gyartai yana da kyau ga ƙwaryar awon hatsi, amma bakin ɗinkin maɓoyar ƙazanta ce ga ƙwaryar nono.

Tukunyar ƙasa. Ruwa yana tsattsafowa ta jikinta ya bi iska, ta haka cikinta ke yin sanyi. Saboda haka ta dace da ajiye gasara a lokacin bazara, domin sanyin yana rage saurin tsami. Da wannan ƙa'ida ce Mohammed Bah Abba, wani malami a Jihar Jigawa, ya yaɗa dabarar sa tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani, har ya sami lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000. Mai sayar da kunu da ba ta da firji tana iya amfana da wannan dabara. Aibin tukunya shi ne wuyar wankewa. A kuma yi hattara da tangaran masu ƙyalli da ba a san asalinsu ba, domin wani ƙyallin da dalma ake haɗa shi.

Ƙarfe. Bokitin ƙarfe mai rufin zinki bai dace da zoɓo, ko ruwan tsamiya, ko gasara ba, domin asid yana narkar da rufin ya jawo amai da murɗar ciki. Haka ma jan ƙarfe da tagulla. Tukunyar alminiyam ta yi daidai da dahuwa, amma kada a bar abu mai tsami ya kwana a ciki. Ramukan da ake gani a gindin tsohuwar tukunya shaida ce ta abin da asid ya ci. Tukwanen da ake zubawa daga tarkacen ƙarafa sun fi bukatar lura. Wani bincike da aka buga a shekarar 2014 a kan irin waɗannan tukwane a ƙasar Kamaru ya sami dalma tana fita daga jikinsu idan aka dafa ruwa mai tsami a ciki. Kwano mai fenti yana da kyau muddin fentin bai ɓantare ba. Wanda ya fi duka shi ne farin ƙarfen nan da ba ya tsatsa, sai dai tsada.

Roba da kwalba. Robar da aka yi musamman don abinci tana da santsi, tana da sauƙin wanki, asid kuma ba ya cin ta. Ana gane ta da hoton kofi da cokali mai yatsu, kuma lambar 2 ko 5 da ke cikin alama mai kusurwa uku a gindinta tana nuna nau'in robar da aka fi yin mazuban abinci da shi. Ba ta riƙe ɗumi kamar ƙwarya, don haka tana bukatar naɗi a lokacin sanyi, kuma idan ta kakkarce ta zama maɓoyar ƙwayoyi. Kwalba ta fi kowanne tsabta, amma kada a taɓa toshe bakinta a kan abin da ke tsimuwa, domin tana iya fashewa ta ji wa mutum rauni.

Jarkar Maganin Feshi

Ƙasar Karaye da Rogo ƙasar noma ce. Ana noma masara da dawa da rake da waken suya, kuma tun da aka kammala madatsar ruwa ta Challawa a shekarar 1992 noman rani ya ƙara samun gindin zama. Tare da bunƙasar noma, maganin kashe ciyawa da na ƙwari sun zama ruwan dare. Kowace damina tana barin tarin jarkoki da goruna masu ƙarfi da murfi mai kyau, waɗanda ido ke ganin asara ce a yar. Daga nan sai su koma mazubin nono, ko kunu, ko man gyaɗa, ko ruwan da ake kai wa gona.

Wannan shi ne mafi haɗarin duk abin da aka ambata. Roba tana tsotse wani ɓangare na maganin cikin jikinta, ta riƙa sakinsa a hankali, kuma wanki da sabulu ko toka ba ya fitar da shi duka. Da yawa daga cikin magungunan ƙwari sun fi narkewa cikin maiƙo, don haka nono da mai sun fi ruwa jawo su. Ƙa'idojin da Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fara amincewa da su a shekarar 1985 game da magungunan ƙwari, da bayanan da suka biyo bayansu, sun yi hani ga sake amfani da irin waɗannan mazubai. Abin da ake so shi ne a ɗauraye jarka sau uku, a juye ruwan cikin injin feshi, sannan a huda ta don kada wani ya ɗauka. Alamomin gubar maganin ƙwari sun haɗa da dalalar yawu, da zufa, da amai, da gudawa, da ƙanƙancewar ƙwayar ido, da wahalar numfashi. Wanda ya nuna su a gaggauta kai shi asibiti tare da jarkar. Ɗura masa madara ko manja ba magani ba ne, ɓata lokaci ne kawai. Hukuncin bokitin fenti da jarkar baƙin mai da duron sinadarai duk ɗaya ne da na jarkar feshi.

Abin da Masu Ja Za Su Ce

Wani zai ce talauci ne ya kawo haka, sabuwar roba kuɗi ce, jarka kuwa kyauta ce. Wannan gaskiya ne, kuma ba daidai ba ne a zargi macen da ke neman abin rufin asiri. Amma duma yana fita a bayan gida, maginan tukwane suna nan a kasuwannin ƙauye, kuma kuɗin roba guda bai kai na kwana ɗaya a gadon asibiti ba. Araha ba ta ado. Nauyin ma ya fi hawa kan manomin da ya kawo jarkar gida da ɗan kasuwar da ya sayar da ita.

Wani kuma zai ce an daɗe ana yi ba a ga wanda ya mutu ba. Mutanen Devon ma haka suka ce. Gubar da ke shiga kaɗan-kaɗan ba ta kayar da mutum nan take, sai dai ta bayyana a matsayin ciwon ciki da ba a san dalilinsa ba, ko yaron da ya kasa gane karatu. Ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido.

Akwai kuma 'yan boko masu ganin duk abin gargajiya ƙazanta ne, a zubar da ƙwarya a rungumi na kanti. Su ma sun yi kuskure. Tsimuwa ta gaskiya tana kare abinci, abin kanti kuwa ba kullum yake da aminci ba. A shekarar 2021 ɗaruruwan mutane sun kwanta asibiti a Kano, wasu suka rasu, bayan shan abubuwan sha da aka haɗa da gurɓataccen garin ɗan tsami. Ma'aunin da ya dace a auna mazubi da shi tambayoyi ne uku: Me aka taɓa zubawa a cikinsa? Asid yana cin sa? Yana wankuwa?

Aikin Makaranta

Ɗalibin sakandare yana haddace bayanin yadda yis ke numfashi ba tare da iskar oksijin ba don ya ci jarrabawa, ya koma gida ya sha koko bai san abin da ya haddace ne ke cikin kofinsa ba. Malami yana iya cike wannan giɓi ba tare da kayan aiki masu tsada ba.

Alal misali, a sami goruna uku, a zuba ruwan sukari da yis a kowace, a ɗaura balan-balan a bakinsu. A ajiye ɗaya cikin ruwan randa, ɗaya a wuri mai ɗumi, ta ukun kuma a tafasa ruwanta tare da yis ɗin kafin a ɗura. Ɗalibai su auna kumburin kowane minti 30. Haka kuma a raba dafaffiyar madara cikin tsohuwar ƙwaryar nono, da sabuwar ƙwarya, da roba, da kwalba, ba tare da zuba iri ba, a ga wadda za ta fara barci. Inda babu takardar litmos, ruwan zoɓo yana nuna bambanci: yana ƙara ja cikin abu mai tsami, yana kuma rikiɗa ya yi duhu idan ya haɗu da ruwan kanwa. A jefa guntun kwanon rufi cikin ruwan tsamiya a duba shi bayan mako guda. Sharaɗi shi ne kada a ɗanɗana komai daga cikin kayan gwaji.

Aikin da ya fi waɗannan amfani shi ne kowane ɗalibi ya ƙirga mazuban da ake tsimi ko ajiye abin sha a gidansu, ya rubuta abin da kowanne ya fara ɗauka kafin ya shigo gidan. Idan ya sami jarkar feshi a ciki, ya yi wa iyayensa bayani cikin ladabi, yana mai tuna cewa mahaifiyarsa ta fi shi sanin aikin nesa ba kusa ba. Abin da ya fi ta kawai shi ne sunayen ma'aikatan da karatun jikin jarka.

Kammalawa

A taƙaice, idan tsimuwa ta ɓaci a binciki iri, da zafi, da iska, da mazubi kafin a zargi maƙwabciya. Nono da gasara suna son rufi da ƙarancin iska, daddawa tana son iska da ɗumi, kunu yana son sanyi da saurin sha, rogo yana son cikakkun kwanakinsa. Ƙwarya, da tukunyar ƙasa, da robar abinci, da ƙarfen da ba ya tsatsa, kowanne yana da gurbinsa idan an tsabtace shi an kuma keɓe shi ga aiki guda. Ya kamata malaman gona da jami'an duba-gari na ƙananan hukumomin Karaye da Rogo su sa huda jarkokin feshi cikin abin da suke koya wa manoma, masu sayar da magani su riƙa karɓar jarkokinsu, makarantu kuma su mayar da madafin gida ɗakin gwaji na farko. Hausawa sun ce ƙwarya ta bi ƙwarya. Jarkar guba kuwa ba ta da abin bi a cikin madafi.